Kunkuru Mai Feshi

Mijin yayata ne. A lambu kowa Kunkuru yake ce masa, saboda tankin feshin da ba ya rabuwa da gadon bayansa. In ka hango shi daga nesa tsakanin layukan lemo, ya ɗan duƙa, wuya a miƙe, yana tafe a hankali, ba sai an yi maka bayanin sunan ba. Bai taɓa jin haushi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku yi ta gudunku, zomaye, ma haɗu a gaba." Ni kuwa da yake akwai wasa tsakaninmu, har a gaban Yaya nake kiransa haka, ta yi ta zabga mini harara.

Ni direba ne. Ni nake jan motar da ke kwashe kwanduna daga cikin lambu zuwa rumfar tantancewa, daga nan zuwa wurin masu saye. Shi ya samo mini aikin, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Da cirar ciyawa ya fara tun yana saurayi. Da aka nemi masu feshi ya miƙa hannu, domin albashin ya ɗan fi, kuma ana ba mai feshi ɗaki biyu a gidajen ma'aikata da ke bayan sito. A waɗannan ɗakunan ya ajiye Yaya, a nan suka haifi 'ya'yansu duka.

Aikin ba shi da wani asiri. A bayan sito akwai rabin duro. A zuba ruwa, a tsiyayo maganin daga galan, a juya da sanda har ya yi fari kamar madara. Kowa ya cika tankinsa, a taya shi saɓawa, ya kama layinsa. Hannun hagu na buga famfo, na dama na ɗaga sandar feshi sama da kai, tunda itatuwan sun fi mutum tsawo. Abin da ka fesa sama, rabinsa a kanka yake saukowa. Ana raba takunkumi a farkon kaka, amma kafin rana ta take ya toshe da gumi, mutum ya ji kamar an danne masa fuska da matashi, sai ya sauke shi ya rataye a wuya. Manajan wancan lokacin ya sa an rubuta ranakun feshi da fenti a bangon sito: kowane mako, tun daga fure har tsinka, ko an ga ƙwari ko ba a gani ba.

Abokin gabar ɗan ƙaramin faɗa-wuta ne mai ruwan ƙasa, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Yakan saka ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta huda ta shige. Ka ga lemo ko gwaiba sumul a waje, ka tsaga ka tarar cikin ya zama baƙin gari. Kunkuru ya tsani ƙwaron nan tsana ta gaske, kamar mutum. In ya tsinci lemon da ya faɗi, sai ya tsaga shi da babban yatsa, ya zaro tsutsar, ya murje ta a jikin itace yana cewa, "Ke da ni ne."

A gida Yaya ta ware masa bokiti da sabulu da igiyar shanya tasa daban. Yaran sun tashi da sanin ba a taɓa Baba sai ya yi wanka. Duk da haka warin yana nan, a gashinsa, a cikin katifa, har a jikin kofin da yake shan ruwa. Shi dai ba ya ji. Da farko mun ɗauka sabo ne, ina ce masa gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai wata rana Yaya ta bar tukunya a wuta ta shiga maƙwabta, yana ɗaki yana ɗinke takalminsa, abinci ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika layin gidajen har mata suka shigo a guje. Suka same shi zaune da allura a hannu yana tambayar ko lafiya. Hancin ya mutu, shi kansa bai san ranar da ya mutu ba.

Bayan hanci sai tari. Busasshen tari ne marar majina, wanda ke sa mutum ya dafa bango. Sai kuma rawar hannu da safe, har Yaya ta daina cika masa kofin shayi. In ta ce ya je asibiti sai ya ce sanyi ne. In ta matsa sai ya ce, "To wa zai kama mini layina?"

Haka aka yi ta tafiya sama da shekara ashirin, har mai lambun ya rasu, 'yarsa ta karɓa. Ita ce uwar ɗakinmu har yau. A kakar farko bayan ta karɓa masu saye suka dawo mana da kaya, suka ce sun auna, maganin da ke jikin ɓawon ya wuce ƙa'ida. Ni na kai lodin, ni na dawo da shi, ni na juye shi a ramin da ke ƙarshen lambu. Mota cike da lemo mai kyan gani, ko tsuntsu bai sauka a kai ba.

Kafin fure na gaba ta kawo wata malama daga cibiyar binciken ƙwari, da kwalaye a bayan mota. Aka tara mu a rumfa. Malamar ta fito da wani ɗan akwati kamar ɗakin tantabara, da faifan sola a kansa. Ta buɗe ƙofarsa ta nuna mana: takarda mai danƙo a ƙasa, wata 'yar roba kamar murfin kwalbar allura a tsakiya, da idon kyamara yana kallon ƙasa.

"Macen wannan ƙwaro ba ta fita neman namiji," in ji ta. "Da magariba take zama a kan ganye ta saki wani ƙanshi. Mu ba ma jin sa, amma shi yana jiyo shi daga can ƙarshen lambu. Ƙanshin nan ne a jikin robar nan. Ya taho da zumuɗinsa, sai ya tarar da danƙo."

Mai Gemu, abokin Kunkuru wanda suka fara feshi tare, ya ce, "Ashe ba mu kaɗai ake yi wa haka ba."

Aka kwashe da dariya, har malamar. Ta ce kyamarar za ta riƙa ɗaukar hoton takardar, ta ƙirga waɗanda suka maƙale, ta lura da lokacin da suke tashi da zafin garin da iskar da ake yi, ta aika komai zuwa wayarta da ta uwar ɗakinmu. Sannan ta fito da wasu gwangwanaye da za a rataya a rassa. Idan tarkunan suka nuna ƙwarin sun fara shawagi, sai gwangwanayen su riƙa fesa ƙanshin da kansu, kaɗan kaɗan, har lambun ya cika da shi. Namiji ya juya gabas mace, ya juya yamma mace, ya yi ta yawo bai sami ko ɗaya ba.

"Su mutu gwauraye ke nan," in ji wani. Aka sake dariya.

Kunkuru bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "To ranki ya daɗe, mu fa?"

Malamar ta dubi uwar ɗakinmu. Uwar ɗakinmu ta dubi ƙasa.

A ƙarshen watan aka sallami masu feshi, aka bar mutum biyu matasa saboda ko-ta-kwana. Kunkuru aka ce ya zauna, shi zai riƙa kula da tarkunan. Uwar ɗakinmu ta ce don ya san kowane layi ne, amma ni na san tarinsa ta ji. Mai Gemu ma ya sani. Ranar da yake ɗaure kayansa a bayan motata, Kunkuru ya zo zai kama masa katifa, sai Mai Gemu ya ce masa, "Bar shi. Kai tarinka ya yi maka rana." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Abin mamaki, Kunkuru ya so sabon aikin. Da safe ya rataya 'yar jaka mai takardun danƙo da tsumma mai laushi, ya bi tarkunan ɗaya bayan ɗaya: ya buɗe, ya sauya takarda, ya goge idon kyamara, ya share ƙura da kashin tsuntsu daga kan sola. Bayansa babu komai, amma tafiyar ba ta miƙe ba, a duƙe yake yinta kamar dā. Yakan tsaya ya ƙura wa waɗanda suka maƙale ido yana jin daɗi. Wata rana ya tare ni a hanya ya ce in kashe mota.

"Saurara," ya ce. "Ka ji?"

"Me zan ji?"

"Zuma. Tun ina saurayi rabona da jin kukan zuma a lambun nan."

A watannin nan ya ɗan yi kumari. Tarin bai tafi ba, amma ya ragu. Yaya ta jefar da tsohuwar katifa ta sayi sabuwa, ta ce mini wannan ne karo na farko da ɗakinta ke ƙanshin ɗaki.

Bayan tsinka aka sake tara mu a rumfa. Kaka ta yi kyau, masu saye sun karɓi kaya ba gardama. Malamar ta jingina kwamfutarta a kan kwando tana nuna mana zane-zane, fuskarta cike da murna. Ta ce duk kakar sau biyu kawai ƙwarin suka yi yawan da ya sa aka yi feshi, shi ma a kusurwa ɗaya ce, wajen katangar maƙwabta. Akwai makonni da yawa a jere da ba a kama ko ɗaya ba.

Kunkuru na zaune a kan buhu kusa da ni. Ya ce, "Malama, wato feshin da muke yi kowane mako..."

"Yawancinsa ba a bukatarsa, Baba," ta ce. Da ta tsaya nan da sauƙi. Amma tana cikin daɗin bayani, sai ta ƙara da cewa sun ɗebi ƙwarin lambun nan sun kai ɗakin gwaji, sun gwada su da tsohon maganin da ke sito. Yawancinsu sun ɗan kwanta, suka tashi suka ci gaba da harkarsu. Sun saba da shi.

"Tun yaushe?"

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Muryarta ta sauka. "Ba zan iya cewa ba, Baba. Amma irin wannan sabo ba a shekara ɗaya ko biyu yake samuwa ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na gode." Ba ta yi don mugunta ba, gaskiya aka tambaye ta ta faɗa. Bayan taron na ga tana nemansa, amma ya riga ya shige motata ya rufe ƙofa.

Muka kama hanyar gida. Sai da na tsaya ya ce, "Ƙanina, da a ce ina kashe su ne suna kashe ni, da sai in ce an yi kunnen doki."

Na so in yi masa wasa, na rasa ta inda zan fara.

Daga nan mutumin ya sauya. Yana zuwa aiki, amma ya daina tsayawa kallon tarko. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa har a kira shi cin abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa Yaya murya ba, ranar da ta ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce, ya daka mata tsawar da ta ƙare da tari har ya durƙusa. Ta zo wurina tana kuka, ta ce, "Ni ba tsawar ba ce ta dame ni. Kallon da yake yi wa hannuwansa ne."

Wata ranar hutu ya ce in kai shi wurin tsohon manaja, wanda ya sa aka rubuta ranakun feshi a bango. Na ce me za ka ce masa? Ya ce tambaya ɗaya ce. A hanya yana ta maimaita ta a ƙasa-ƙasa, yana gyara ta.

Muka sami gidan a wani lungu mai kwata a tsakiya. Matarsa ta shigar da mu wani ɗaki mai duhu, mai warin fitsari da man zafi. Mutumin da muke jin takalminsa mu miƙe tsaye yana kwance a kan tabarma, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ya gane Kunkuru. Ya kama hannunsa da hannun da ke motsi, ya yi ta ƙoƙarin magana, miyau na zuba. Da ƙyar muka tsinci abin da yake cewa: ya lambu, ana dai yin feshi a kan lokaci?

Kunkuru ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ana yi, ranka ya daɗe."

Muka yi masa addu'a muka fito. A bakin ƙofa matar ta ce mana mijin nata shi yake auna maganin da hannunsa duk shekarun nan, ba ya yarda wani ya auna, don kada a yi ha'inci. Kunkuru bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

A tsakiyar kaka ta biyu da zuwan tarkunan ne abin ya faru. Ina lodi a rumfa uwar ɗakinmu ta kira ni a waya. Ta ce wani tarko a can layin gwaiba na ƙarshe yana ta aiko mata da saƙo cewa ƙofarsa a buɗe take, kuma hotunan da yake turowa babu takarda a ciki, tun da hantsi. Ta ce in leƙa in rufe, wataƙila Baba ya manta.

Kunkuru ba ya mantawa da ƙofa. Na bar lodin na ja mota.

Na same shi a gindin itacen, kwance a gefe ɗaya, sabuwar takardar danƙon ta manne a gaban rigarsa, tururuwa na bin wuyansa. Idonsa biyu. Leɓɓansa sun yi baƙi, numfashin na fita da ƙara kamar ana zuƙar ruwa a ƙasan kofi. Ya yi ta kira, in ji shi daga baya, amma muryar ba ta wuce itace biyu ba, kuma tunda aka sallami mutane babu mai bi ta wajen. Na ɗauke shi kamar yaro. Ban san ya rame haka ba sai da na ji shi a hannuna.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin fitila, ya nuna mana wurare fari-fari, ya ce huhun ya yi tabo, kuma tabo ba ya komawa. Ya tambayi sana'arsa, aka gaya masa, ya rubuta. Yaya ta ce, "Likita, maganin ne ya yi masa haka?" Ya ce yana iya yiwuwa ƙwarai, amma ba zai iya rantsuwa ba. Uwar ɗakinmu ta ɗauki nauyin jinya, ta sa aka kawo silindar iska har gida. Malamar ma ta zo dubiya sau ɗaya, ta zauna a bakin gado, shi ne ma ya riƙa tambayarta ko an sami wanda zai goge solar, don ƙura na rage musu ƙarfi.

Ya yi wata huɗu ko biyar a ɗaki. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci an tokare shi da matasai, robar iska a hanci. Daga gado zuwa bayi sai an huta a hanya. Ni nake zuwa in yi masa aski. Wani lokaci in ce, "Kunkuru, yau ma a cikin ƙoƙon za a wuni?" sai ya ɗaga yatsa ya yi mini alamar zai kama ni. Daga baya ko yatsan ba ya ɗagawa. Ya rasu da rana tsaka, Yaya na shanya a waje. Ta shigo ta ji iskar silinda na fita ita kaɗai.

Mai Gemu ya zo jana'iza. Ya tsaya a sahun baya, ya tafi bai jira gaisuwa ba.

Gidan na ma'aikata ne, don haka bayan 'yan watanni aka nemi ɗakunan, cikin ladabi. Yaya ta dawo wurina da ƙananan yaran biyu. Matata ta ba ta ɗakin da muke ajiye kaya. Ba ta cika magana ba yanzu, kuma ba ta cin lemo. Tarkunan suna nan suna aiki, an ma ƙara wasu. Wata mata daga rumfar tantancewa ce ke sauya takardun.

Babban ɗansu yana da mata da jariri. Ya nemi aikin tarkon, aka ce an riga an bayar. Ya yi dako a kasuwa, bai riƙe shi ba. Kwanan baya na ji ya kama aiki a lambun da ke bayan katangarmu, inda mai shi ya ce na'urorin nan sun fi ƙarfin aljihunsa. Feshi yake yi. Bai gaya wa uwarsa ba, ni ma ban gaya mata ba.

Na tare shi a hanya da yamma yana dawowa, rigarsa a jiƙe. Na yi masa faɗa sosai, na ce kai da ka ɗauki gawar ubanka da hannunka. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, don yaro ne mai ladabi.

Ya ce, "Na ji, Kawu. To ka samo mini wani."

Na ce zan duba. Na tambayi direbobi, na tambayi masu saye, na sake yi wa uwar ɗakinmu magana, ta ce in bari sai lokacin tsinka. Har yanzu ban samo ba.